Zoben da Aka Rasa Mai Tayawa

An ce wani sarki aka yi a wata ƙasa mai nisa, a zamanin da fatake ke shafe watanni a hanya kafin su kai kayansu kasuwa. Sarkin nan ba azzalumi ba ne, kada a ɗauki alhakinsa. Ba ya cin dukiyar maraya, ba ya karɓar toshiyar baki, in ya yi alkawari yakan cika. Aibinsa ɗaya ne, bakinsa ya fi hankalinsa sauri. In ransa ya ɓaci sai ya saki magana, in ya huce ya zauna yana cizon yatsa, girman kai kuma ba ya barinsa ya ce ya yi kuskure.

Matarsa ɗaya, sunanta Juwairiyya, 'yar wani malami ce da ya daɗe da rasuwa, kuma Allah bai ba su haihuwa ba. Duk faɗin ƙasar ita kaɗai ke iya duban idon sarki ta ce masa bai kyauta ba. Dalilin da ya sa yake son ta ke nan, dalilin da ya raba su ke nan. Sau biyu yana sakin ta cikin fushi, yana mai da ita kafin idda ta cika. Na ukun ya faɗo ne ranar da ya kori wani tsohon bara don ya zubar masa da ruwan alwala a riga. Juwairiyya ta ce masa, a gaban kuyangi, hannun da ya ɗauke shi yana jariri shi ne yau yake rawa, bai kamata a kore shi a kan ruwa ba. Sarki ya ji kunya, kunyar ta koma fushi, fushin ya fito da kalmar da ba ta komawa. Tun bai rufe baki ba ya san abin da ya yi. Aka tara malamai, suka juya littattafai gaba da baya, kowa ya sunkuyar da kai ya ce igiya ta ƙare.

Da idda ta cika, Juwairiyya ta koma gidan mahaifinta a unguwar marina. Ba ta ɗauki komai na fada ba sai tufafin jikinta da sadakinta. Sadakin kuwa zobe ne na jar zinariya, da yaƙutu a kansa mai ja kamar garwashi. Lokacin da aka ƙera shi sarki yana saurayi, so yana ɗibarsa, sai ya sa aka zana sunansa a cikin zoben, wai don sunan ya riƙa taɓa fatarta. Kowa ya yaba wannan dabara a lokacin, babu wanda ya tuna da wata doka da suka gada tun kakan sarki. Dokar ta ce duk abin da ke ɗauke da sunan sarki, ba mai sa shi sai iyalin sarki, ba a kankare sunan, ba a kuma sa shi a wuta, wanda ya yi haka an ɗauke shi ɗan tawaye. An kafa ta ne saboda wasu mazambata da suka taɓa yawo da sunan sarki suna ƙwace dukiyar talakawa, kuma ta yi amfani a kan abin da aka kafa ta dominsa.

Fada ta ci gaba da cika da mutane kamar kullum, amma sarki ya rasa abokin magana. In ya yi ba'a, a yi dariya tun bai kai ƙarshe ba. In ya yi kuskure, a ce hikima ce. Ran nan da tsakar rana, ana zafin da ko kaza ba ta fita, ya ce wa fadawa yana jin kamar sanyi ya sauko, don ya ga ko za a sami mai musa masa. Sai ga manyan mutane masu furfura suna jan riguna suna takurewa, har wani ya rantse shi tun asuba haƙoransa ke haɗuwa. Sarki ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya tashi ya shiga gida, ya tarar an jera masa abinci iri-iri, ya zauna ya ci shi kaɗai. Kewa ta kama shi, irin mai cin rai, domin ba shi da wanda zai ɗora wa laifi sai kansa.

Ya aika wa Juwairiyya da hatsi da tufafi, ta mayar da su tare da godiya. Ya sake aikawa, ta sake mayarwa. Daga nan sai ya tsiri wata al'ada: kowace safiya, bayan waziri ya gama kawo labarin gari, sarki ya yi kamar ya tuna da wani abu maras muhimmanci, ya tambaya ko lafiya unguwar marina take. Waziri, da yake ba yaro ba ne, sai ya ce lafiya lau, mutanen unguwar duk suna nan, babu wanda ya tashi. Da wannan kalma sarki yake wuni. Ba ya ganin ta, ba ya jin muryarta, amma sanin cewa ganuwa ɗaya ta kewaye su yana rage masa wani abu.

Ana nan, damina ta kankama sosai, sai waziri ya zo da labari. Ya ce an ga Malam Ɗalhatu yana zagaya rumfunan maƙeran zinariya da zoben a ƙulle cikin tsumma. Malam Ɗalhatun nan tsohon alƙali ne na zamanin mahaifin sarki, aminin mahaifin Juwairiyya, ya ajiye alƙalanci da idonsa ya fara rauni, ya koma wani ɗan gida a bakin ganuwa yana karantar da wanda ya zo. Shi ta wakilta ya sayar mata da zoben da iyakar tsadar da zai yi, domin tana so ta bi ayarin fataken da zai tashi da kaka, ta tafi wani birni mai nisa inda yayarta take aure, ta sayi ɗan gida ta kama sana'a.  Amma waziri ya ƙara da cewa zoben ya ƙi sayuwa. Duk maƙerin da ya karɓa, idonsa ya yi ƙyalli da ganin yaƙutun, da ya juya ya ga abin da ke ciki sai ya dire shi kamar ya ɗauki wuta. Har yau ba a sami wanda ya taya ba, ko da wasa.

Sai sarki ya ji wani daɗi ya ratsa shi, irin daɗin da mutum ba ya so a san ya ji. Ya ce wa zuciyarsa ai shi bai hana kowa saye ba, bai aika wa kowa da gargaɗi ba, dokar ma ba shi ya kafa ta ba. Ya yi shiru abinsa, ya bar tsoho yana taka caɓi daga rumfa zuwa rumfa har damina ta ja baya, gero ya fara nuna.

Da kaka ta gabato, sai tsoro ya fara shigarsa, kada wani baƙo da bai san doka ba ya saye zoben ya yi gaba. Ya yi tunani, ya ga wata hanya da yake ganin ta haɗa karamci da biyan bukata. Ya sa aka kira Malam Ɗalhatu gaban fada. Tsohon ya shigo yana dogara sanda, rigarsa wankakkiya amma ta ji jiki, ya yi gaisuwa, ya zauna inda aka nuna masa. Sarki ya nemi ganin zoben. Da aka kwance tsumman aka miƙa masa, ya dube shi, ya juya ga waziri ya tambaye shi darajarsa. Waziri ya ce abin da ke ɗauke da sunan sarki ai babu kuɗin da zai saye shi a duniya. Fadawa suka amsa da gaskiya ne. Sarki ya juya ga tsohon, ya ce shi kuma me ya gani.

Malam Ɗalhatu ya ce, "Ya sarki, zoben nan farashinsa uku ne. A hannunka ya fi gari. A hannun maƙeri kuɗinsa wuyan maƙerin ne. A hannun mai shi kuwa bai kai mudun gero ba, domin mudun gero ana dafawa a ci."

 Sarki ya haɗiye maganar, ya yi murmushi, ya ce to yau wahalar Malam ta ƙare, ga mai saye ya samu. Ya ce zai karɓi zoben, a madadinsa ya ba mai shi gida mai kyau a bayan fada, da bayi, da hatsi da sutura kowace shekara har iyakar rayuwarta. Fadawa suka ɗauki kirari, wani yana cewa ba a taɓa ganin mai saki da irin wannan karamci ba. Tsohon ya jira har suka gaji, sannan ya faɗi kalmar da mai kaya ke faɗa a kasuwa in tayi bai yi masa ba.

Ya ce, "Albarka."

Tun da aka kafa garin ba a taɓa ce wa sarki albarka ba. Dogarai suka motsa, waziri ya zare ido. Sarki ya ɗaga hannu aka natsu, amma jijiyar goshinsa ta tashi. Don kada a ce an fi ƙarfinsa a gaban jama'a, ya ce to a bar zancen gida, a kawo ma'auni, a ɗora zoben, zai biya ninkin-ba-ninkin nauyinsa da dinari har sai Malam da kansa ya ce ya isa. Tsohon ya miƙa hannu a hankali ya karɓi zoben, ya mai da shi cikin tsumma, ya ƙulle, ya sake cewa albarka.

Fushin nan da ya saba ya taso wa sarki har baki. Allah ya taimake shi ya tuna inda irinsa ya kai shi, sai ya cije, ya sallami kowa, har waziri. Suka rage su biyu a cikin zauren da muryar mutum ke amsa kuwwa. Sarki ya sauko daga karaga ya zauna a kan shimfiɗa, ya tambayi tsohon wane irin wakili ne shi, da za a ce ya nemo mafi tsada, a ba shi abin da ya wuce tsada, ya ƙi.

Malam Ɗalhatu ya ce sharaɗi ɗaya mai kaya ta gindaya masa, ya sayar wa kowa, ɗan gari ko baƙo, amma ban da fada. Ya ce, "Ga abin da ta faɗa mini, ba ragi ba ƙari. Ta ce, Baba, in fada ta saya, kyauta ce aka sa wa rigar ciniki. Duk lomar da na ci tasa ce, duk ɗakin da na kwana nasa ne. Na gaji da zama a ƙarƙashin maganar da ake faɗa da safe a yi nadamarta da yamma. Ina son abin da zan ce nawa ne, ko da kaɗan ne."

 Sarki ya tambaya, da murya ƙasa-ƙasa, yadda take. Tsohon bai ɓoye masa komai ba. Ya ce ɗakin da take kwana yana yoyo, ta sayar da tasoshin mahaifiyarta ɗaya bayan ɗaya, yanzu saura tukunyar da take girki. Amma ba yunwa ce ta fi damun ta ba. Maƙwabta suna durƙusawa su gaishe ta daga bakin ƙofa, ba sa shiga. Ba wadda ke zuwa aron gishiri, don wa zai ari gishiri wurin wadda ta zauna a fada? Ana biki a unguwa ba a gaya mata, wai kada a raina ta. Namiji kuwa ko hanyar gidan ba ya bi, kowa yana tsoron a ce ya ɗaga ido ya dubi inda sarki ya taɓa dubawa. Wuni take yi ba ta buɗe baki ba sai a salla, in ba ranar da shi Malam ya je ba.

Maganar ta soki sarki, domin ya san irin wannan wunin. Ya ce to zai sa a yi shela, a ce an ɗage doka a kan wannan zoben, kowa ya saya ya yi yadda ya ga dama da shi. Tsohon ya girgiza kai. Ya ce dokar mai kyau ce, ba a rushe katanga don a fitar da akuya ɗaya. Ban da haka, mutane za su ɗauka tarko ne.

Ya ce, "Ya sarki, ka yi mini afuwa. Maƙerin da ya sa magagari ya goge sunanka yau bisa shela, gobe in ranka ya ɓaci, shelar ce za ta tsaya masa? Garin nan kowa ya san wadda ka fi so a duniya ba ta tsira daga bakinka ba. Wane maƙeri ne zai ɗauka ya fi ta?"

Sarki ya ji kamar an watsa masa ruwan sanyi. Ya ce, "To Malam, me kake so in yi? Na taya an ƙi, na ce a yi shela ka ce ba ta yi. Ni ban hana kowa saye ba."

Tsohon ya ce, "Kafin in amsa, ni ma ina da tambaya. Ya sarki, so kake zoben ya yi tsada, ko so kake kada ya sayu?"

 Sarki ya dubi ƙasa, ya dubi ƙofa, domin shi kansa ya san wanne yake so. Malam Ɗalhatu bai matsa masa ba. Ya sassauta murya, ya ce shi ma ya san ɗaki shiru, matarsa ta rasu da daɗewa, har yau in ya ji abin dariya yakan juya ya gaya mata sannan ya tuna. Ya ce amma tasa Mai ita ne ya karɓa, ba shi da abin riƙewa. Ta sarki kuwa tana da rai, tana da sauran kwana a gaba, kuma an sake ta da baki an riƙe ta da suna. Ya ce a duk ƙasar nan hannu ɗaya ne doka ba ta hau kansa ba, hannu ɗaya ne zai iya kankare sunan a gaban maƙera babu wanda ya ji tsoron gobe. Da ya faɗi haka ya dafa sandarsa ya miƙe, ya ce ranar kasuwa mai zuwa zai zauna a layin maƙera da hantsi, ita ce kasuwar ƙarshe kafin ayari ya tashi. In ta wuce, sai baɗi, in da rai.

Sarki ya rage shi kaɗai a zaure. Da farko haushi ya ji, ya ce ina aka taɓa ganin sarki a rumfar maƙera yana guga kamar ɗan koyo. Daga baya ya gane ba kunyar ce ke damunsa ba. Abin da yake tsoro shi ne safiyar da zai tambayi waziri unguwar marina, a ce masa ta tashi. Ya duba wannan tsoron da kyau, ya ga duk watannin nan abin da yake kira so, ita ke biyan kuɗinsa da yoyon ɗaki da shirun baki. Bai ɗaure ta ba, gaskiya ne, amma ya ga igiyar a ƙafarta ya kau da kai, don igiyar tana yi masa amfani.

Ranar kasuwa da hantsi, maƙera suna tsakiyar zuga wuta, sai suka ga mutane suna darewa. Sarki ne a ƙasa, babu laima, babu mabusa, waziri na bin sa a baya da fuska kamar an aiko masa da mutuwa. Zugazugai suka tsaya, kowa ya zube. Malam Ɗalhatu na zaune a kan buzu a rumfar shugaban maƙera, bai nuna mamaki ba, ya matsa kawai ya ba da wuri. Sarki ya zauna a kan kututturen da maƙeri ke zama, ya nemi magagari, aka miƙo masa. Tsohon ya kwance zoben, ya shimfiɗa wani farin ƙyalle a ƙasa, ya ce bismilla.

Aikin bai zo da sauƙi ba. Hannun da bai saba da komai ba sai linzami da takobi ya yi ta zamewa, magagarin ya ci masa yatsa, jini ya fito, babu wanda ya iya cewa sannu. Maƙerin da ya zana sunan ya zana shi da zurfi, kamar yadda aka umarce shi a lokacin. Sarki ya yi ta gogawa, gumi na ɗiga daga gemunsa, harafi na bin harafi, har cikin zoben ya koma sumul. Ya ɗaga shi sama ya juya shi, ya miƙa wa shugaban maƙera ya ce ya duba ya faɗa wa jama'a abin da ya gani. Mutumin ya duba, ya ce babu komai a ciki.

Sarki ya ce, "Ku shaida, ni na sa, ni na cire. Wannan dukiyar Juwairiyya ce 'yar marigayi Malam, babu hakkina a ciki. Na san abin da ya hana ku tayawa, na yi shiru don son raina. Wanda ya saya ya sayi halalinsa."

Ya sunkuya ya ga garin zinariyar da ya zuba a kan farin ƙyallen, ɗan kaɗan, bai cika cikin farce ba. Ya roƙi tsohon a hankali ya bar masa wannan, ai sunansa ne. Malam Ɗalhatu ya naɗe ƙyallen da kyau, ya ce wannan ma sadaki ne, kan ma'auni za shi. Sarki ya janye hannunsa.

Aka buɗe ciniki, kowa yana satar kallon sarki. Can wani tsohon maƙeri ya yi ƙarfin hali ya taya, tayin da shi kansa ya san bai kai ba. Malam Ɗalhatu ya ce albarka. Wani Balarabe mai fataucin duwatsu ya ƙara, wani ɗan gari ya ɗora a kai don kada baƙo ya tafi da abin garinsu. Da tsohon ya lura masu son dutsen dabam, masu son zinariyar dabam, sai ya sa aka ɓamɓare yaƙutun, ya ce kowanne a taya shi shi kaɗai, domin kada mai son ɗaya ya rage kuɗi saboda ɗayan. Nan kasuwa ta yi zafi. Murya ta hau murya, ana rantsuwa ana tafa hannu, masu kallo suna turereniya. Sannu a hankali aka ture sarki zuwa gefen rumfa, har wani dillali ya taka masa ƙafa bai waiwaya ba. Ya tsaya nan riƙe da yatsansa, yana kallon bayan mutane, babu mai bukatarsa.

Kafin azahar aka sallama. Balaraben ya tafi da yaƙutun a kan kuɗin da ya sa tsofaffin kasuwa riƙe baki, shugaban maƙera ya sayi zinariyar har da garinta. Bai ɓata lokaci ba, ya jefa ta a kasko ya sa aka zuga. Sarki yana tsaye ya ga da'irar ta lanƙwashe, ta zube, ta koma ɗigo ɗaya mai sheƙi wanda ba ya kama da komai.

Washegari Malam Ɗalhatu ya zo fada ya ce ya danƙa amana ga mai ita, ta kama wuri a ayari, abin da ya rage zai saya mata gida ya bar mata jari. Sarki ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi lafiyar hanya, ya tambayi halin madugu, daga ƙarshe ya tambayi abin da ke ransa, ko ta ba da wani saƙo.

Tsohon ya ce, "Ta ce Allah ya saka da alheri. Ta ce ta yafe."

Sarki ya jira ko da saura. Da ya ga babu, ya ce, "Iyakarsa ke nan?"

"Iyakarsa ke nan, ya sarki."

Ranar da ayari zai tashi, sarki ya fita da sassafe ya hau kan ganuwa kusa da ƙofar gari, ya sa aka kawo tsohon ya tsaya kusa da shi. Raƙuma da jakuna suka yi ta fita, a tsakiyarsu ga ayarin mata, kowace ta lulluɓe har ƙasa. Ya yi ta duban su ɗaya bayan ɗaya, yana cewa ko wannan ce, ko waccan, bai gane ta ba, kuma babu wadda ta ɗaga kai. Ya tambayi Malam ko shi ya gane ta, tsohon ya ce idonsa ko raƙuman ba ya gani sosai. Suka tsaya har na ƙarshe ya shige bayan tudu, hanya ta koma fayau.

Hawaye suka zubo wa sarki, bai share ba. Ya ce da can yana zaton mai adalci shi ne wanda ya biya da tsada, wanda bai ɗaga hannu ya cuci kowa ba, ga shi yau ya yi adalci sau ɗaya, kuma bai taɓa jin ciwo irin na yau ba. Malam Ɗalhatu ya ce haka abin yake, adalcin da bai rage wa mai yin sa komai ba, a sake duba shi. Suka sauko a hankali, sarki yana riƙe da hannun tsohon saboda matakalar.

An ce sarkin nan ya daɗe a kan mulki bayan haka, ya kuma koyi riƙe bakinsa, ko da yake ya koya bayan lokacin da zai yi masa amfani ya wuce. Duk lokacin da aka kawo masa ƙarar mai ƙarfi da maras ƙarfi, mai ƙarfin ya ce shi bai yi komai ba, sai sarki ya ce masa: zalunci ba sai da hannu ba, wani da shiru ake yin sa, kuma adalci ba ya cika sai mai iko ya cire sunansa daga abin da ba nasa ba.